Goɗiya da Kalandar Ciyawa: Lokacin Baye da Kula da Mai Ciki a Kwarin Badagishiri da Kewayensa

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi kiwon goɗiya a kudancin ƙasar Adar, daga kwarin Badagishiri cikin gundumar Illela har zuwa Malbaza da Birnin Ƙonni. Ta ɗauki abin da likitancin dabbobi ya tabbatar game da haihuwar goɗiya, ta ɗora shi a kan daminar yankin da raninsa. Abin da ya fito shi ne, ranar da aka kai goɗiya baye ita ke yanke hukuncin ko watannin da ta fi bukatar abinci za su faɗo cikin yalwa ko cikin tsananin bazara. Ra'ayin maƙalar shi ne a karkatar da baye zuwa tsakiyar Satumba har ƙarshen Oktoba, a kuma yi tanadin harawa daidai da haka.

Gabatarwa



Bahaushe ya daɗe da doki, amma dokin da ya sani a waƙa da kirari namiji ne. Ingarma ake yi wa sirdi da jalala ranar hawan salla, shi ke da ɗan barga mai yi masa yankan ciyawa, shi Shamaki ke kwana yana tunani. Narambaɗa ya yi wa Ɗan Filinge waƙa har sunan dokin ya zarce na mutane da yawa, kuma sunan kansa ya nuna daga wace ƙasa aka kawo shi. Uwar da ta haife shi kuwa, ba wanda ya tambaya. Basarake ba ya hawan goɗiya a bainar jama'a, saboda haka aka bar ta a ƙauye hannun manomi, tana turke bayan gida tare da jaki. Larabawan daji sun bi wata hanya dabam: goɗiya suke hawa zuwa hari, ta wajen uwa kuma suke ƙirga asalin doki.

Wannan rabon aiki ya bar mana giɓi a ilimi. Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, da Humphrey Fisher a maƙalunsa na 1972 da 1973 kan doki a Sudan ta Tsakiya, sun nuna yadda ƙarfin sarauta ya rataya a wuyan doki. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kananeji yana aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma su aiko masa da bayi. Djibo Hamani, a aikinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, ya bi sawun Agabba ɗan Sarkin Agadas da zuriyarsa da suka riƙe sarautar Adar, wadda a yau take zaune a Illela, da kuma Kel Geres da suka mamaye ƙasar daga baya. Duk wannan tarihi a bayan doki aka yi shi, amma tarihin mahaya ne. Inda ake haifar dawakin, da wanda ke ciyar da uwayensu, bai samu rabonsa na tawada ba.

Ƙidayar noma da dabbobi da Nijar ta yi tsakanin 2005 da 2007 ta sami dawaki kimanin dubu 230 a ƙasar baki ɗaya, jakuna kuwa kusan miliyan ɗaya da rabi. Doki ke nan ya zama 'yan tsiraru cikin garken ƙasa, kuma babur ya ƙwace masa aikin zuwa kasuwa. Sai dai bukatarsa ba ta mutu ba. Ƙonni na kallon Illelar Najeriya (kada a haɗa ta da tamu ta Adar), daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Sakkwato da sauran biranen da hawan salla da sukuwa da hawan angwanci ke cin ingarmu kowace shekara. Ingarmun nan duka goɗiya ce ke haifarsu, ɗaya ɗaya, in an yi sa'a a shekara.

Halittar goɗiya a taƙaice

Dukusa takan fara neman baye tun tana da wata 12 zuwa 18, amma jikinta bai gama ginuwa ba. Wanda ya ba ta ciki kafin ta cika shekara uku ya tauye girmanta, ya kuma tauye na ɗan. Shekara uku zuwa huɗu shi ne daidai.

Zagayen goɗiya kwana 21 ne zuwa 22. A ciki tana da kwana biyar zuwa bakwai da take karɓar namiji, kuma ƙwan yakan fito ne kwana ɗaya ko biyu kafin ta daina karɓa. Nan kuskuren da ya fi yawa yake. Mai goɗiya ya ga alama ranar farko, ya ja ta zuwa ƙauyen da ke da ingarma, aka yi baye sau ɗaya, ya biya, ya dawo gida. Maniyyin doki yana rayuwa kwana biyu zuwa uku a cikin mahaifa, ƙwan kuwa bai fito ba sai ranar ta biyar. Bayan mako uku ta sake nema, sai a ce ai juya ce, ko a zargi ingarman. Maganin abin ba ya bukatar allura: a fara baye ranar ta biyu ko ta uku, a riƙa tsallake kwana ɗaya ana maimaitawa, har ranar da ta ƙi shi.

Gane wannan ranar abu ne na ido. A tsayar da ita kusa da turken ingarma, da katanga ko dannin ƙaya tsakaninsu. Wadda take nema za ta tsaya cik, ta buɗe ƙafafun baya, ta ɗage wutsiya gefe, ta riƙa sakin fitsari kaɗan kaɗan mai kauri, farjinta na buɗewa yana rufewa. Wadda ta gama kuwa tun yana haniniya za ta kwantar da kunnuwa baya, ta matse wutsiya, ta yi ƙara, ta juyo masa da harbi. Wanda ya matsa mata a wannan hali da tarnaƙi da ƙarfin tuwo bai samu ciki ba, ya dai samu rauni.

Akwai wani abu a halittarta da ya kamata ma'aikatan kiwo su riƙa bayyana wa masu dawaki. Daga wajen kwana 35 na ciki, wasu ƙwayoyin halitta na ɗan tayi kan kafu a bangon mahaifa, su riƙa fitar da wani sinadari har wajen kwana 120. Idan cikin ya zube bayan sun kafu, sinadarin ba ya tsayawa, jikin goɗiya ya ci gaba da zaton yana da ciki. Ba za ta nemi baye ba wata biyu ko uku, mai ita kuma yana can yana lissafin haihuwar da babu ita. Don haka rashin dawowa neman baye ba hujja ce ta ciki ba. Likita na iya tabbatarwa da hannu ta dubura, na'urar hoton ciki kuma tana ganin cikin tun kwana 14 zuwa 16. A wannan lokacin ne ma ake gane tagwaye, waɗanda a goɗiya ba abin murna ba ne: mahaifarta ɗa guda take iya ciyarwa, kuma mafi yawan cikin tagwaye ɓari yake ƙarewa.

Lissafin watanni

Yanzu ga zuciyar maganar. Cikin goɗiya kimanin kwana 340 ne, yakan ragu zuwa 320 ko ya kai 360. Wato watan da aka yi baye, galibi a watan da ke gabaninsa za ta haihu baɗi. Wajen kashi biyu cikin uku na girman ɗan kuma a watanni ukun ƙarshe yake samuwa. Wata takwas na farko bukatarta ba ta wuce ta goɗiya marar ciki da yawa ba. Daga na tara ne bukatar ke hawa, ta kai ƙololuwa a wata biyu zuwa uku na farkon shayarwa, lokacin da take fitar da nonon da ya kai kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na nauyinta kowace rana. Goɗiya mai kilo 300, irin wadda aka saba gani a nan, lita shida ke nan zuwa tara.

A ƙasashen Turai tsawon yini ne ke kunna zagayen goɗiya, ya kashe shi da hunturu. Littattafan da muka karanta a makaranta daga can aka rubuto su, shi ya sa suka cika da maganar haske. Badagishiri kuwa tana wajen digiri 14 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, inda bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Haske na da ɗan tasirinsa, amma mai babbar murya a nan shi ne abinci. Goɗiyar da haƙarƙarinta ya fito a watan Mayu ba ta sakin ƙwai yadda ya kamata. Da ta ci ɗanyar ciyawa mako biyu ko uku, jiki ya fara murmurewa, sai ta nema. In aka bar ta da kanta, kuma ingarma na kusa, farkon damina za ta ɗauka.

To, mu bi lissafin. An yi baye 1 ga Yuli, haihuwa za ta zo makon farko na Yuni. Watanni ukun ƙarshe sun faɗo Maris, Afrilu da Mayu. Duk wanda ya san Adar ya san me ke nan: faƙo da duwatsu sun yi fari fat, karan dawa ya ƙare ko ya zama itace, harawa ta yi tsada a kasuwa, rijiya ta ja baya, zafi ya haura digiri 40. A cikin wannan hali ake so ta gina kashi biyu cikin uku na ɗanta. Za ta gina shi, amma daga naman jikinta. Ta haihu a rame, dakashinta kaɗan, sannan ta shiga shayarwa a watan Yuni da ciyawa ba ta kai a yanka ba. Irin wannan goɗiya ba ta komawa neman baye da wuri, sai shekarar ta tsallake ta. Ga yadda goɗiyar da ke iya haihuwa kowace shekara take komawa mai haihuwa shekara biyu sau ɗaya.

Yanzu a matsar da bayen zuwa 1 ga Oktoba. Ta ci damina sukutum, tana kan ganiyar ƙibarta, damar ɗaukar ciki ta fi yawa. Watanni takwas masu sauƙin bukata sun ratsa kaka da ɗari da bazara. Watanni ukun ƙarshe sun zama Yuni, Yuli da Agusta, haihuwa kuma makon farko na Satumba. Shayarwa ta faɗo Satumba zuwa Disamba, lokacin da ake roron wake, harawa sabuwa tana kan rumfa, ga karmami, ga dusar sabon gero. Giɓin da ya rage shi ne Yuni zuwa tsakiyar Yuli, kafin ciyawa ta kama. A misali, in za a ƙara mata kilo uku na harawa a rana, kwana 45 na wannan giɓi kilo 135 ne. Tsarin bayen Yuli kuwa, daga Maris har ciyawa ta kama a tsakiyar Yuli, yana neman kusan kilo 400, kuma a lokacin da farashi ya fi ciwo. Manomin da ke ajiye hatsin bazara a rumbu tun kaka ya riga ya san wannan lissafi, goɗiyarsa ce dai bai sa a ciki ba.

Ba zan ɓoye abin da za a iya cewa a kan wannan shawara ba. Na farko, ɗan da aka haifa a Satumba zai kai yaye, wata shida, a watan Maris, wato bakin bazara. Gaskiya ne. Amma ciyar da dukushi mai wata shida ya fi araha a kan ciyar da uwa mai tsohon ciki, kuma ana iya jinkirta yayen kaɗan. Na biyu, ƙarshen damina ne lokacin ƙyashi da sauro da kaska, jariri kuma zai faɗo a tsakiyarsu. Wannan ƙorafi ya fi nauyi, zan koma kansa. Na uku, mai tsohon ciki a Yuli da Agusta ba ta jan amalanke mai nauyi ko doguwar tafiya. Wanda goɗiyarsa ce ƙafarsa a damina sai ya auna. Duk da haka ina ganin riba ta rinjayi hasara, musamman a ƙauyukan tudu da ba su da fadama. Masu gonaki a gandun noman rani na Ƙonni, da madatsun Mozage da Zango na kwarin Maggiya ke shayarwa, ko masu lambunan wajen Galmi, suna da ɗanyen abinci da rani, saboda haka igiyarsu ta fi tsawo.

Saura a riƙe kalandar kada ta zame. Goɗiya takan nemi baye kwana bakwai zuwa goma sha biyu bayan haihuwa, kuma masu dawaki da yawa ba sa son wannan dama ta wuce su. Amma kwana 340 da 10 sun zama 350, wato kowace shekara haihuwa na matsowa baya da mako biyu. Cikin shekara huɗu an yi hasarar wata biyu, an koma gidan jiya. In aka jira nema na biyu, wajen kwana 30 bayan haihuwa, jimlar ta zama 370, kalanda ta tsaya kusan wuri ɗaya, mahaifa kuma ta samu lokacin komawa daidai.

Abin da ake zuba mata

Doki ba saniya ba ne. Tumbinsa ƙarami ne, ba ya tuƙa, ba ya amai, don haka kaɗan kaɗan ake ba shi sau da yawa. Goɗiya mai kilo 300 na cin busasshen abinci kilo shida zuwa bakwai da rabi a rana, kuma mafi yawansa ya kamata ya zama ciyawa da harawa. Gadagi, in an samu, dawaki na sonsa.

Matsalar da ke ɓoye ita ce dusa. Tana da araha, doki na sonta, tana sa sheƙi. Amma dusa da tsabar hatsi cike suke da fosforas, kalsiyam ɗinsu kaɗan. Goɗiya mai shayarwa da ke rayuwa a kan dusa da kara za ta riƙa zare kalsiyam daga ƙashinta, har ƙasusuwan fuska su kumbura, ta fara ɗingishin da ke yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan. Harawar wake da ta gyaɗa su ke gyara wannan ma'auni, don suna da kalsiyam. Kanwa da manda suna da amfaninsu wajen gishiri, amma ba sa maye gurbin harawa, ko da an ninka su.

A kiyaye mai ciki daga gyamro da ƙaramar dawar da fari ya dakushe. Gubar da ke cikinsu, ban da kisan gaggawa, tana taɓa jijiyoyin baya da mafitsara, tana kuma iya sa a haifi ɗa mai sandararrun gaɓoɓi. Ruwa kuwa, mai shayarwa a zafin nan tana iya shan lita 50 ko fiye. Shayarwa sau ɗaya a rana a bakin rijiya hanyar murɗar ciki ce da ƙafewar nono.

Daren haihuwa

Hantsa takan cika a makonnin ƙarshe. Kwana ɗaya ko biyu kafin haihuwa sai a ga wani abu kamar kakin zuma ya daskare a kan nonuwa. Daga nan a kwance dabaibayi, a share wuri, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, mai ita kuma ya kwana kusa da fitila, don yawanci cikin dare take haihuwa. Za ta yi gumi, ta riƙa waiwayen cikinta, ta kwanta ta tashi. Da faya ta fashe, cikin minti 20 zuwa 30 ɗa ya kamata ya fito: ƙafafun gaba biyu, ɗaya na ɗan gaban ɗaya, tafin kofato na kallon ƙasa, hanci kwance a kansu, duk cikin farar jaka. In aka ga jan abu mai kauri ya riga fitowa, mabiyiya ce ta saki da wuri, a yaga ta nan take a taimaka wa ɗan, don numfashinsa ya yanke. Saniya na iya yin awoyi tana naƙuda ɗanta ya rayu. Goɗiya ba ta ba da wannan lokaci.

Bayan haka awa uku ake ƙirgawa. Cikin ta farko ɗa ya miƙe, cikin ta biyu ya kama nono, cikin ta uku mabiyiya ta faɗo. Mahaifar goɗiya ba ta barin garkuwar uwa ta ratsa zuwa ga ɗa, saboda haka dukushi na zuwa duniya ba shi da kariya ko kaɗan, sai abin da ya sha a dakashi. Hanjinsa na karɓar wannan garkuwa sosai a awa 12 na farko, ya rufe kafin awa 24. Wanda ya tatse dakashi ya zubar don yana ganin ƙazanta ne ya zubar da ran ɗan. A tsoma cibiya cikin aidin, kada a shafa mata toka ko kashin dabba. Mabiyiya kuwa in ta wuce awa uku a nemi likita, kada a ja ta da ƙarfi. Guntun da ya saura a ciki yana ruɓewa, ya kawo zazzaɓi da kumburin cikin kofato, wanda ke iya gurgunta goɗiya har abada.

Cututtuka

Annobar dawaki ta Afirka ƙyashi ke yaɗa ta, yana cizo daga faɗuwar rana zuwa hantsi, ya fi yawa a ƙarshen damina kusa da ruwa. Wannan ita ce barazanar da na ambata ga haihuwar Satumba. Kariyarta ita ce a shigar da uwa da ɗa muri kafin magariba, a yi hayaƙi kamar yadda magabata ke yi, kuma garkuwar da uwa ke da ita ɗan zai samu a dakashi ta riƙe shi watannin farko. Allurar tetanus ga uwa mako huɗu zuwa shida kafin haihuwa ita ma ta nan take isa gare shi. Sammoren da bobuwa ke ɗaukowa daga raƙuma yana ramar da goɗiya ya sa ta ɓari. Akwai kuma wani sammoren da ke bin baye kansa, an tabbatar da shi a Habasha da kudancin Afirka, kuma tsarinmu na ingarma ɗaya ga goɗiyoyin ƙauyuka da yawa buɗaɗɗiyar ƙofa ce ga irinsa. Murar dawaki da jakuna da ta tashi a ƙarshen 2018 zuwa 2019, ta ratsa Sakkwato da Nijar har Senegal, ta nuna yadda hanyar kasuwa ke zama hanyar cuta. Sabon dokin da aka sayo a ware shi mako biyu zuwa uku kafin ya kusanci mai ciki.

Kira

Goɗiyar da aka yanke wa hukuncin juya kasuwa ake kai ta, kuma wasu dawakin da suka tsallaka iyaka ba sa tsayawa a bargar sarki, suna ƙarewa ne a mayankar Obollo-Afor a jihar Enugu. Kowace uwa da ta bi wannan hanya saboda bayen da aka yi ba a kan rana ba, ko bazarar da ta ci ba harawa, jinin dawakin Adar ne ya ragu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Likitocin dabbobi masu zaman kansu da ke yawo ƙauyuka, da ma'aikatan kiwo na Illela da Malbaza da Ƙonni, su sa duba cikin goɗiya cikin aikinsu, kamar yadda suke yi wa shanu. Masu ingarma su amince kuɗin baye ya ƙunshi zuwa biyu ko uku a nema ɗaya. Sarakunan da ke sayen 'ya'yan su riƙa tambayar uwa, su biya ta daraja. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa kuma su buɗe littafi a ƙauyukan kwarin Badagishiri, su rubuta ranar baye, ranar haihuwa, da halin uwa da ɗa a wata shida, na tsawon damina uku, sannan a auna bayen Yuli da na Oktoba a kan alƙaluman da aka tara a ƙasar nan.